Rigar Hoda Ba Ta Gano Daji

Kowane watan Oktoba sai mu fito cikin riguna masu ruwan hoda, a yi maci, a ɗau hoto, a zuba a WhatsApp, a ce: "Mata, ku je ku yi mamogarafi!" Ni kam ina da tambaya, ƴan'uwana ɗalibai. Wa muke gaya ma? Kuma ta je ina?

Mamogarafi hoton radiyo ne na nono. Ana matse nonon tsakanin faifai biyu a haska shi, don a ga ƙari tun hannu bai kai ga jin shi ba. Abin kirki ne, ban musa ba. Amma a Faransa, inda ake kiran mata wannan awo a tsare, ƴan shekara 50 zuwa 74 ake kira, sau ɗaya kowace shekara biyu. Nonon budurwa naman shi a cure yake, hoton bai fita sosai, shi ya sa likita ya fi tura ta ekogarafi. Ke nan saƙon na Inna ne, na Gwaggo, na Iya. Su ko ba su zo macin ba, suna gida bakin turmi.

In ma sun ji, injin yana manyan birane. Cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji kuma tana Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Tun 2007 doka ta ce maganin dajin mata kyauta ne, madalla. To amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba da masauki, ba ta riƙon yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da dajin nono, 670,000 suka rasu. Ita da kanta ta ce inda asibitoci ba su da ƙarfi, a fara da matar da ta riga ta ji alama: a duba ta, a gano ciwon cikin kwana 60. Mu nan muka faɗi ƙasa warwas.

Mun san yadda abin yake tafiya. Mace ta ji ƙullutu, ta ce tunda bai ciwo ba komi. Alhali dajin nono sau da yawa haka yake farawa, shiru, babu zafi. Kunya ta hana ta faɗa. In ta faɗa, a ce mata daji ba ya son ƙarfe, kar ta yarda a yi mata allura ko aiki. Sai shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wata ya bi wata. Sai ya fashe yana wari a ɗauke ta zuwa asibiti. In ta cika, a ce: "Kun gani? Da ma mun faɗa." Jinkirinmu ya kashe ta, mun ɗora ma wuƙar likita.

Don haka ga masu shirya bukin Oktoba: kuɗin riguna da lasifika, ku koya ma ungozomomin asibitocin karkara awon nono da hannu da su, ku biya ma wadda aka tura birni kuɗin mota.

Mu kuma, hutun nan kowa ya zauna da uwa tai da yayye nai. Ku gaya masu alamun: ƙullutu a nono ko hammata, kan nono ya shige ciki, jini yana fita, fata ta yi kamar ɓawon lemu. Ku gaya masu yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma awo kaɗai ke rabewa. Wadda shekarunta suka kai kuma hoton yana kusa, ku raka ta.

Samari, kar ku sunne kai. Izinin fita da kuɗin mota sau da yawa a hannun Baba suke, kuma ku yake saurare. Nonon da kuke kunyar ambata, shi kuka sha.