Wanda ya ba yaro amsa bai taimake shi ba

A makarantun sakandaren Rano da Kibiya akwai darussan lissafi biyu da ke sa ɗalibai su yi tsuru-tsuru: lissafin rukuni, wanda malamai ke ce wa "set", da lissafin kusurwa, wato tirigonometiri. Da wuya takardar WAEC ko NECO ta fito babu ɗayansu, kuma yaron da bai ci kiredit a lissafi ba, ba zai ga ƙofar sashen injiniya na Jami'ar Bayero ko ta Wudil ba. Neman taimako ya zama dole ke nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin taimakon da manya ke bayarwa.

Yarinya za ta kawo wa yayanta aikin gida. A aji mai ɗalibai 40, gidajen 25 suna noman gyaɗa, gidajen 20 suna noman masara, 5 kuma ba sa noma ko ɗaya. Mutum nawa ne ke noma duka biyun? Yaya yana sauri zai fita majalisa, sai ya karɓi biro ya rubuta 10, ya miƙa mata. Amsar daidai ce, amma ya cuce ta. Da ya zauna minti goma, ya zana da'ira biyu masu shiga juna a ƙasa, ya ce, "Ƙanwata, cire biyar ɗin nan, saura nawa?" za ta ce 35. "To 25 da 20 fa?" Za ta ce 45. Nan za ta yi shiru, domin 45 ta fi 35, sai ta gano da kanta cewa akwai mutum goma da aka ƙirga sau biyu. Wannan shirun shi ne karatun. Wanda ya rubuta mata amsa ya sace mata shi, gobe kuma idan aka sauya gyaɗa da albasa, aka sauya lambobi, sai ta koma kamar ba ta taɓa ganin tambayar ba.

Yanzu ma waya ta sauƙaƙa cutar. A ɗauki hoton tambaya, a tura zauren WhatsApp ko a ba wata manhaja, amsa ta dawo, a kwafe. Daga nan zuwa jiran "expo" ranar jarrabawa taki ɗaya ne. Akwai iyayen da ba za su yarda ɗansu ya tauye mudu a kasuwa ba, amma su biya kuɗi a kai shi cibiyar da ake rubuta amsa a allo. Algus ne, ko da an lulluɓe shi da sunan tausayi.

Wasu kan ce ai wannan lissafin na Bature ne, ba ya da amfani a ƙauye. Ba haka ba ne. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Al-Biruni bayansa, suna cikin waɗanda suka raya ilimin kusurwa, har Al-Biruni ya yi aiki da shi wajen gano alƙibla. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ɗan ƙasar Hausa, ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Madatsar ruwan Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo, da magudanan da ke kai ruwa gonakin Kadawa, ba a haƙa su da ka ba, sai da masu awo suka auna kusurwa da gangare. Kafintan da ke ɗora rufin kwano a Kibiya da wannan ilimin yake aiki, ko bai san sunansa ba. Jingina tsani mai mita 6 a bango, ya yi kusurwar digiri 60 da ƙasa, gindinsa zai kasance mita 3 daga bangon, domin kos 60 rabi ne. Yaron da aka sa ya auna wannan da igiya ba zai sake rera haddar lissafin kusurwa ta "sokatowa" ba tare da sanin abin da yake faɗa ba.

Gwamnati na da nata laifin, ajin da ya cika maƙil da malami ɗaya tilo ba ya barin a tsaya kan kowane ɗalibi. Kano ta taɓa nuna ta san hanya lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Amma ni da 'yan bokonmu nake. Duk hutu, ɗaliban jami'a da na kwalejojin ilimi suna dawowa Rano da Kibiya, su wuni a bakin titi ana musun ƙwallo, alhali a gidajensu akwai ƙannen da ke kwana da tambayar da suke jin kunyar yi wa malami, musamman 'yan mata, waɗanda ba sa iya fita lesin da dare. Zaure, allo, alli da awa ɗaya bayan la'asar sun isa. Sharaɗin kawai shi ne alli ya zauna a hannun yaron, mai koyarwa ya haƙura da tambaya har sai an kai.

Uban da bai yi boko ba shi ma yana da abin yi. Idan ɗiyarsa ta nuna masa littafi an ba ta maki, ya ce, "Uwata, zo ki bayyana mini yadda aka yi kika samu." In ta iya faɗa masa da Hausa har ya gane, ta iya. In ta kasa, ya nemi sanin wanda ya rubuta mata.