Kada Mu Bar Tarihin Zungeru Ya Rushe

'Yan uwana ɗalibai, idan aka tambayi ɗan aji ɗaya ina ne tsohuwar hedikwatar Arewa, nan take zai ce Kaduna. Kaɗan ne suka san cewa kafin Kaduna akwai Zungeru, ƙaramin gari a bakin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Wushishi ta jihar Neja.

A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya mai da Zungeru mazaunin mulkin Arewacin Nijeriya. Aka gina gidan gwamna da ofisoshi da barikin soja, daga baya jirgin ƙasa ya iso. Ma'aikata suka taho daga ko'ina. Shi ya sa aka haifi Nnamdi Azikiwe a garin a 1904, domin mahaifinsa akawu ne a can. Odumegwu Ojukwu ma a Zungeru aka haife shi a 1933.

Amma da hedikwata ta koma Kaduna a 1917, sai garin ya fara ja baya. Har gadar ƙarfe ta Lugga an kwance ta, yanzu tana lambun Gamji a Kaduna. Yawancin gine-ginen da aka bari sun zama kango, ciyawa ta rufe su.

A ganina wannan asara ce babba. Wani zai ce, me za mu yi da kayan Turawan mulkin mallaka? Amsata ita ce, kakanninmu ne suka ɗauki tubalin a ka, su ne suka biya haraji aka yi ginin. Kangon shaida ne na wahalar da suka sha. In ya ɓace, da me za mu nuna wa na baya?

Yau garin yana da madatsar ruwa da aka gina don samar da megawat 700 na lantarki. Gwamnatin da ta iya wannan aiki ba za ta kasa kewaye tsofaffin gine-gine da kafa allunan bayani ba.

Ina roƙon malamanmu na tarihi, idan za a fita yawon buɗe ido bana, a sa Zungeru a lissafi. Gani ya kori ji. Mu kuma ɗalibai, kowa ya tambayi tsofaffin gidansu labarin garinsu, ya rubuta, ya kawo mu liƙa a wannan bango.