Iyakar Jiha Ba Hujjar Ƙwace Yaro Ba Ce

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ƙasar nan, wadda ya kamata mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mu fito fili mu la'ance ta. Aure ya mutu, mace ta koma garin iyayenta ko kuwa an yi mata canjin wurin aiki zuwa wata jiha, sai tsohon miji ya aiko ƙannensa da mota su ɗauke yaro, wai don ta fitar masa da ɗa daga jiharsa. Mu muna cewa wannan fin ƙarfi ne, ba shari'a ba.

Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya bayyana cewa bayan saki uwa ce ke da haƙƙin riƙon yaro, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta auri wani, riƙo ya koma hannun kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake. Al'adar karɓe yaro da zarar an yaye shi ba ta da tushe a cikin wannan hukunci.

Gaskiya ne malaman Malikiyya sun yi maganar tafiya. A cikin Muhtasar na Halilu, uwar da ta yi ƙaura ta zama dindindin zuwa nisan baridi 6, wato wajen mil 72 a lissafinsu, tana iya rasa riƙo, domin kada kulawar uba ta yanke. To, amma nisa suka auna, ba taswirar gwamnati ba. Jihohi 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, suka kai 36 a 1996. Daga Zariya zuwa Funtuwa bai kai mil 60 ba, amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 jiha biyu ce. Daga Zariya zuwa Kafanchan ya zarce mil 100, alhali jiha ɗaya ce. Ashe dokar soja ce za ta raba ɗa da uwarsa?

Ko da nisan ya cika, ba uba ne zai yanke wa kansa hukunci ba. Kotunan shari'a suna nan, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sauraren ƙarar da ta shafi riƙon yara. Alƙali ne zai tantance ko ƙaura ce ko ziyara, ya kuma duba inda maslahar yaro take.

Uwar da ta sulale da yara cikin dare, ta ɓoye wa ubansu inda suke, ita ma ta yi zalunci. Wadda za ta tashi, ta sanar da shi, a zauna gaban manya ko alƙali, a rubuta kuɗin ciyarwa da na makaranta da lokutan ziyara.

'Yan'uwa, yawancinmu bautar ƙasa da aikin gwamnati za su warwatsa mu jihohi daban-daban, kuma wannan rigima za ta iske wasunmu har gida. Idan ƙanen ɗayanmu ko yayansa ya tashi aikawa da mota, mu ne ya wajaba mu tare ƙofa, mu nuna masa hanyar kotu.