Shin Cikar Kogi Na Nuna Farashin Dawa Har Yanzu?

Duk wanda ya taɓa zama a Mai Wurno ko ƙauyukanmu da ke gaɓar Nil Azrak, tsakanin Sinnar da Rusairis, ya san yadda dattawa ke duba kogi a watan Agusta. In ya cika ya haura gaɓa, sai fatake su ce bana dawa za ta yi araha. In ya tsaya a ƙasa, sai mai hatsi ya kulle rumbu. Tambayar ita ce, wannan ma'auni yana aiki a yau kuwa?

Da farko dai, kogin nan bai taɓa tsayawa a kan hali ɗaya ba. A 1913 ya yi ƙarancin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, kuma farin wannan shekara ne ya haifar da yunwar Kakalaba a ƙasar Kano. A 1946 ya yi ambaliya. A 1984 fari ya kori dubban mutane daga Kurdufan da Darfur zuwa bakin kogi, amma a 1988 ruwa ya ci gidaje a Khartum. A 2020 ya haura mita 17 a can, ya wuce duk abin da aka taɓa aunawa. Darasin a fili yake: wanda ya auna bana da mudun bara, jarinsa na cikin haɗari.

A da, lissafin dattawa yana da tushe. Damina mai kyau a tsaunukan Habasha takan zo tare da damina mai kyau a gonakin dawa da riɗi na Gadarif da Damazin, don haka kogi ya zama ɗan aike. Madatsar Sinnar ta 1925, wadda ke shayar da gonakin Jazira, da ta Rusairis ta 1966, ba su da girman da za su ɓoye wannan saƙo.

To amma babbar madatsar Habasha, wadda aka fara tara wa ruwa a 2020 aka buɗe ta a 2025, tana iya riƙe kubik mita biliyan 74, fiye da abin da kogin ke kawowa a shekara guda. Ke nan tsayin ruwan da muke gani a gaɓa ba labarin sama kaɗai yake bayarwa ba, har da shawarar masu buɗe ƙofa. Mai noman rani da famfo zai ji daɗin ruwa da bazara. Mai shuka albasa da tumatir a fadamar da ambaliya ke bari, da mai buga tubali da laka, su ne za su ji a jikinsu. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke a 2023, wanda ya ɗaiɗaita noma a Jazira da Sinnar.

Shawararmu ga 'yan kasuwar Gallabat da Kurmuk ita ce, kada a ba manomi bashin shel, wato kuɗi yanzu hatsi da kaka, don kawai an ga kogi ya cika. A tambayi ruwan da ya sauka a gona, a tambayi lafiyar hanya, a kuma rage wani abu a rumbu ko da kaka ta yi kyau. Masu iya magana sun ce, da sanyin safiya ake kama fara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.