Mu Gyara Turancinmu: Toho Da Ɓallewa

Masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi 'yar kalmar nan ta Turanci, watau "bud", wadda ma'anarta a Hausa ita ce toho. Na zaɓe ta ne musamman saboda 'yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu, waɗanda tilas ta sa yawancin hulɗarsu da hukuma da masu gidajen haya take gudana cikin Turanci, a baki ko a takarda.

Bature yana da wata al'ada a harshensa: ya ɗauki aikatau guda, ya liƙa masa ɗan ƙaramin harafi a baya, sai ma'ana ta juya. To, idan ya ce "bud out", nufinsa itace ya fitar da toho, kamar yadda itatuwa suke yi da faɗuwar damina. "The tree has budded out" shi ne itacen ya yi toho. A lura ana ninka harafin d a "budded" da "budding", abin da ɗalibai suke yawan mancewa a jarrabawa. Daga nan aka sami "budding trader", watau ɗan kasuwa mai tasowa, irin yaron da maigidansa ya fara sakar masa jari.

Amma idan ya ce "bud off", ko "bud off from", magana ta ƙara nisa. Masana kimiyyar halitta ne suka fi amfani da ita. Ƙwayar yis ɗin da ake kwaɓa burodi da ita ba ta haihuwa. Wani ɗan ƙullutu ne yake fitowa a jikinta, ya girma, sa'an nan ya rabu da uwar ya ci gaba da rayuwarsa. Rabuwa ce ta lumana, wadda girma ya kawo.

A ganina babu kalmar da ta fi wannan dacewa da tarihin unguwanninmu na Gabas. An gano kwal a Inugu a 1909, hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta iso can a 1916, fatake da dillalan shanu kuwa suka bi sawu. Zango ya cika, wani ya fito daga jikinsa. Almajiri ya sauke, ya buɗe tasa makarantar. Yaron shago ya kama nasa shagon. Haka Ama Awusa, kamar yadda Ibo suke kiran unguwar Hausawa, ta yi ta yaɗuwa, daga Diobu a Fatakwal har Gariki a Inugu. Tohon ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato kuma dillalin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Ga inda nake so sakatarorin ƙungiyoyinmu su buɗe ido. In sabon reshen 'yan albasa ko 'yan tumatir ya fito daga uwar ƙungiya, kada a rubuta wa hukuma cewa sun yi "break away". Wannan ɓallewa ce ta rigima, kuma a ƙasar da ta ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kalmar tana da nauyi a kunnen ma'aikaci. Sai ya ɗauka Hausawa sun rabu biyu, alhali kasuwa ce ta bunƙasa. Gaskiya dai "budded off" ta yi ƙamshin littafi. Wanda ya ga ta yi masa nauyi ya rubuta "grew out of", ya huta.

Sauran abu guda, kuma shi ya fi haɗari. Akwai "butt out", wadda a bakin Ba'amurke da ƙyar ake rarrabe ta da "bud out", har wasu sukan rubuta ɗaya a madadin ɗaya. Ba ta da dangantaka da itace ko kaɗan. Asalinta daga tunkuyin rago ne: "butt in" shi ne katsalandan, "butt out" kuwa shi ne cire bakinka, ba ruwanka. Magana ce ta gatsali, wadda samari suke tsinta a fina-finan Amurka. Yaron da ya faɗa wa ɗan sanda ko shugaban kasuwar Anaca haka, yana tsammanin gwaninta ya yi, to Sarkin Hausawa ne zai kwana yana ba da haƙuri.