Ƙwaron Dabino: A Tare Shi Tun Bai Iso Dutse Ba

Duk wanda ya san Dutse ya san dabino ne adonta, kuma abin dogaron magidanta da yawa, har ma Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Ƙasa, wato NIFOR, ta kafa reshenta na binciken dabino a garin. Saboda haka labarin jan ƙwaron nan mai kashe dabino a ƙasashen Larabawa ba labarin nesa ba ne ga mutanen Takur da kewaye.

Asalin ƙwaron daga kudancin Asiya yake. A tsakiyar shekarun 1980 ya ɓulla a yankin Larabawa, ya shiga Masar a 1992, ya haye Turai inda ya yi ɓarna a Sifen da Faransa, a 2015 kuma aka gan shi a Tijikja ta ƙasar Muritaniya, wato dai ya tako Afirka ta Yamma. Ba da fiffikensa ya yi wannan doguwar tafiya ba. Mutane ne suka ɗauke shi a jirgi da mota, cikin dashen dabino da itatuwan ado danginsa waɗanda ake ƙawata lambuna da tituna da su.

Muguntarsa ita ce ɓoyo. Macen takan saka ƙwai ɗaruruwa a inda itace ya ji rauni, tsutsotsin su kutsa cikin kututture su yi ta ci, ganye kuwa yana nan kore shar. Kafin mai gona ya ga rassa sun sunkuya, ciki ya riga ya zama rami, sai sarewa da ƙonewa. Itacen da uba ya dasa don jikoki, watanni kaɗan sun isa su gama da shi.

To, ta ina zai shigo mana? Ba ta buhun dabinon da ake buɗa baki da shi ba, domin ba a cikin 'ya'yan yake zaune ba. Hatsarin yana ga dashe. Manomi ya san idan ya shuka ƙwallo bai da tabbacin mace ce za ta fito ko namiji, shi ya sa mai son iri nagari yake neman tohon gindin uwa, ko daga ina ne. Ga kuma masu sababbin gidaje da ke sha'awar itacen ado na ƙetare.

Doka dai akwai ta. Hukumar Killace Tsirrai da Dabbobi ta Ƙasa, wato NAQS, ita ke da alhakin ba da izinin shigo da tsiro da duba lafiyarsa. Amma wanda ya san iyakarmu ta wajen Maigatari ya san hanyoyi sun fi ma'aikata yawa. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna, tsutsar masara 'yar Amurka kuma ta bayyana a ƙasan nan.

Abin da ya ceci Tijikja shi ne ganowa da wuri, da hana fitar da dashe daga wurin, da haɗin kan manoma. A ganinmu, lalle ne Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Jigawa ta haɗa kai da reshen NIFOR da Jami'ar Tarayya ta Dutse, a samar da dashe mai lafiya a gida da araha, a girka tarkunan ƙamshi masu jawo ƙwaron a manyan gonaki, a kuma koya wa malaman gona alamunsa, su kai wa masu unguwanni da dagatai.