Ba Saurin Yatsa Ke Cin Yaƙi Ba

Samarin Gazawa masu kwana kan wasannin yaƙi na salula uzurinsu guda ne in an cinye su: wai rezo ya yanke. Ƙarya ce. Sun tura mayaƙa tun rumbu bai cika ba, ba su kuwa leƙa abin da abokin karawa ke ginawa ba. Gwanayen StarCraft, wasan 1998 da ya zama sana'a a Koriya ta Kudu, sukan sake kallon karawar da suka faɗi domin gano inda suka kuskure. Dattawan da ke dara a gindin bedi sun daɗe da sanin haka: gidaje 30, kowa da ƴaƴa 12, kuma tun wurin dasawa ake kayar da mai gaggawa. Amma wane saurayi zai tsuguna ya kalla?